Amsa kan bikin Pagan Pride Day da abincin gwangwani

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ake zuwa wannan biki a Amurka da gwangwanayen abinci maimakon kuɗin shiga. Masu shirya shi mabiya addinan gargajiya ne na Turai da aka farfaɗo da su, irin su Wika, kuma sun fara shi a 1998. Ana yin sa tsakanin Agusta da Oktoba, galibi dab da lokacin da dare da rana suke daidaita a ƙarshen Satumba, wanda suke kira Mabon, lokacin godiyar girbi a wurinsu.

Yawanci a filin shaƙatawa na gari ake taruwa, a kafa rumfuna, a yi bayani, a gudanar da ibada a bainar jama'a, domin maƙwabcin da yake zarginsu da tsafi ya gani da idonsa, ya yi tambaya. A bakin shiga kuwa akwai kwalaye inda kowa yake ajiye wake, shinkafa ko taliya, abin da ba ya saurin lalacewa, daga baya a kai wa cibiyoyin ciyar da mabuƙata. Ban yi tarayya da su a aƙida ba, amma wannan ɓangaren yana burge ni ƙwarai, domin ba a tambayar addinin wanda zai ci.