Tambaya da Amsa: Furojet ɗina ya hargitse da aka buɗe shi a shagon firintin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a nan Samaru, Zariya. Laftof ɗin da yayana ya ba ni LibreOffice ne a kai ba Word ba, da shi na buga furojet ɗina tun daga babi na ɗaya har na biyar. Jiya na kai firintin, mai shagon yana buɗewa a Word komai ya watse, tebur ya tsallaka wani shafin, lambobin shafi sun rikice, shafi 78 ya koma 83, har ƙ da ɗ sun canza kama. Ya ce wai manhajar tawa jabu ce, sai dai in sake bugawa daga farko. Don Allah da gaske ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki sake buga ko layi ɗaya, aikinki yana nan lafiya lau. LibreOffice ba jabu ba ce, kyauta aka yi ta da gangan, wata gidauniya ce The Document Foundation take kula da ita tun 2010 bayan ta ɓalle daga OpenOffice. Abin yana min ciwo idan na ji an tsorata ɗalibi da irin wannan magana ana dab da difens.

Ita LibreOffice fayil ɗinta na asali .odt ne, tsarin da ISO, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ta amince da shi a 2006, shi kuma Word tun daga Office 2007 .docx yake amfani da shi, wanda shi ma ya samu amincewar ISO a 2008. To kowacce tana iya buɗe fayil ɗin 'yar uwarta, amma tafinta take yi, rubutun zai iso daidai, sai dai jerin shafi ne yake ɗan kaucewa. Misali lambobin nan na i, ii, iii da ake sa wa shafukan farko kafin a koma 1, 2, 3, Word yana raba su ne da sassa, LibreOffice kuma da salon shafi, a nan ake yawan samun rikici.

Amma ni wanda na fi zargi a matsalarki font ne, wato samfurin haruffa. LibreOffice yakan fara da Liberation Serif, idan kwamfutar shagon ba ta da shi sai Word ya ɗauko wani ya maye gurbinsa ba tare da ya tambayi kowa ba, in faɗin haruffan ya ɗan bambanta sai kalma ta sauka layin ƙasa, layi ya tura layi, kafin ki ankara an samu ƙarin shafi biyar. Haka ƙ da ɗ da ɓ ɗin ma, duk font ɗin da ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa sai kwamfuta ta aro su daga wani, shi ya sa kika gan su daban a tsakiyar kalma. Ki mayar da rubutun gaba ɗaya Times New Roman, dama shi malamai suka fi nema, kuma faɗinsa ɗaya da Liberation Serif saboda haka shafukanki ba za su motsa sosai ba.

Sai wata ɗabi'a da nake gani kullum a wajen ɗalibai, danna Enter sau goma sha don a tura sabon babi zuwa sabon shafi. In kin yi haka ki goge su, ki danna Ctrl da Enter tare, shi ne yake yanke shafi na gaskiya wanda baya gocewa a kowace kwamfuta. Ki duba girman takarda ma ya zama A4, don wasu kwamfutocin suna zuwa da Letter na Amurka wanda ya fi gajarta.

Maganar firintin kuwa, ki daina kai musu .odt ko .docx kwata-kwata. A cikin LibreOffice akwai inda za ki fitar da aikin a matsayin PDF, dannawa ɗaya ne, shi PDF yana tafiya da font ɗinsa a ciki, yadda kika gan shi a ɗaki haka zai fito ko a Samaru kika kai ko Kongo ko Sabon Gari. Ki buɗe shi ki bi shafi-shafi kafin ki sa a filash.

Sufabaiza ne kawai zai buƙaci .docx tunda zai yi gyara a ciki. Ki yi masa kwafi daban ta Save As, ki bar .odt ɗinki na asali a ajiye, in ya dawo da gyara ki riƙa dubawa kina shigarwa a naki da hannu. Kar ki riƙa juya fayil ɗaya daga .odt zuwa .docx ki sake dawo da shi, kowane juyi yana iya taɓa tebur ko lambar shafi. Allah Ya ba da sa'ar difens.