Amsa kan gilashin bogi na ƙarƙashin CF-18

Ɗan'uwa, ka ce ka gama ƙaramin samfurinka na jirgin yaƙin Kanada CF-18 mai ma'aunin 1/48, ka zana gilashin bogi, wato zanen da ke kwaikwayon gilashin mazaunin matuƙi, a ƙarƙashin hanci da baƙin fenti, ya fito kamar an zubar da baƙin mai, har wani ya ce maka shirme ne, ka goge. Wallahi maganar ta sosa min rai. Duk mai wannan aiki ya san zafin a kwashe makonni ana fama, wanda bai san kan abin ba ya zo ya rushe shi da kalma ɗaya. Irinsu ba sa tambaya, ba sa duba hoton jirgin gaske, hukunci kawai suke yankewa, kuma sababbin shiga suka fi yi wa haka har su ajiye aikin. Ba shirme ba ne: tun 1980 Keith Ferris, mai zanen jirage ɗan Amurka, ya yi wa dabarar rajista. Kanada ta sa ta a CF-18, jirgin yaƙin A-10 na Amurka ma yana ɗauke da ita.

Kada ka cire, gyara za ka yi. Jirgin yaƙi ya fi juyawa da ƙarfi ta ɓangaren da kan matuƙi yake, shi ya sa abokin gaba ke neman gilashi da ido don ya san inda za a karkata. In ya ga gilashi sama da ƙasa sai ya yi jim, kuma wannan daƙiƙa guda ake nema.

Matsalarka launi ce. Na gaske ba baƙi ba ne, toka mai duhu ce marar sheƙi, lambarta a jerin launukan gwamnatin Amurka FS 36118. Saman jirgin FS 35237, ƙarƙashinsa FS 36375. Ka ƙara fari kamar kashi ɗaya cikin goma, domin kallon samfurin daga mita ɗaya daidai yake da kallon jirgin daga mita 48, kuma nisa na kashe kaifin launi. Baƙi ma a sararin sama tona asiri yake yi, tunda sama ta fi jirgi haske. Shi ya sa a yaƙin duniya na biyu Amurka ta gwada jera fitilu a gaban jirgi don ya saje da hasken sama.

Ka goge baƙin da sanfefa mai lamba 1500 da ɗan ruwa, a hankali, kada layukan jiki su ɓace. Zanen yana ratsa ƙofofin tayar gaba, nan ne kowa ke tuntuɓe. Ka rufe ƙofofin na ɗan lokaci, ka manna salatif, ka fesa, sannan ka raba su. In ka fesa kowacce daban, bakin zanen ba zai haɗu ba.

Fenti rabi, tina rabi, ƙarfin iskar na'urar feshi psi 15 zuwa 18. Ka danne bakin salatif da tsinken sakace, ka fesa daga kansa zuwa ciki, shafi uku marasa kauri. Shafi ɗaya mai kauri shi ke kutsawa ƙarƙashi ya bar tudu. Ka ɓare salatif kafin fentin ya bushe ƙarau, in ba haka ba ya taso da gefen.

Sitika kuwa sai a kan fanish mai sheƙi, don kada iska ta maƙale ƙarƙashinta ta yi fari. Marar sheƙin shi ne na ƙarshe. In ka fesa shi, ka ɗauko mana hoton ƙarƙashin jirgin a hasken rana, daga nisan mita ɗaya, mu gani tare.