Amsa: Kukan da aisin ƙara sauti ke yi a bayan DAC

Malam, ka ce a shagonka na Ringim sifika na kuka tun da ka sa TL072 (aisin ƙara sauti, wato op-amp) a bayan DAC (na'urar da ke mayar da sautin dijital zuwa analog), kana tambaya ko aisin ne. Kafin ka canza shi, duba wutarsa. Kowace ƙafar wuta, ta 8 da ta 4, tana son kapasita 100nF na yumɓu zuwa ƙasa (layin GND), manne da ƙafar, domin doguwar waya tana kashe amfaninsa. Ƙara 10µF kusa da su. In da inbata kake aiki, wannan ya zama dole.

In kukan bai daina ba, daga nan ka sa aisin NE5532 a madadin TL072. Hayaniyarsa kusan 5nV/√Hz ce, ta TL072 kuwa 18nV/√Hz. Amma don Allah ka kula, jabun NE5532 ya cika kasuwa.