Ga ƙanwata mai son karanta dokokin abinci a waje

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso ni lafiya. Kin ce kin gama digirin farko a kimiyyar abinci, zuciyarki kuma ta karkata ga dokoki da manufofin abinci, amma ana ta tambayarki wai lauya ake zama da wannan karatun ko duba-gari, ke ma kina fargabar rashin digirin shari'a zai tare miki hanya. Kwantar da hankalinki, ba zai tare ba.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ina aiki a Holand, a wani kamfani mai shigo da busassun kayan abinci, ni nake duba takardun gwaji kafin kaya su shiga kasuwa. Wata rana sakamakon gwajin wata kwantenar gyaɗa ya zo tebur na. Aflatoksin, gubar nan da funfuna ke haifarwa, ta ɗara iyaka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Dokar Tarayyar Turai ta ce gyaɗar da za a ci kai tsaye kada jimillar gubar ta wuce mikirogiram 4 a kilo guda. A Amurka iyakar 20 ce. Ma'aunin duniya na Codex, ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa, 15 ne. Gyaɗa ɗaya, guba ɗaya, lamba uku. Na sa hannu aka tsare kayan, don dole ne, amma na kwana ina tunanin manoman da ke can ƙarshen wannan zaren, waɗanda ba su taɓa jin sunan dokar da ta mayar musu da guminsu ba.

To wannan shi ne fagen da kike son shiga. Wa ya yanke lambar nan? Da wace hujja? Su wa ke zaune a ɗakin ranar da aka yanke, su wa kuma ba su samu kuɗin jirgin zuwa ba? Ban ce iyakar Turai zalunci ba ce, aflatoksin tana jawo sankarar hanta, ba abin wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa. Amma kimiyya tana faɗa miki girman haɗari ne kawai. Yawan haɗarin da al'umma za ta yarda ta ɗauka, wannan hukunci ne na mutane, kuma a nan doka ke shigowa.

Za ki lura galibin manyan dokokin abinci bayan masifa aka haife su. Cutar haukan shanu a Birtaniya a 1996 da gubar dayoksin a abincin kaji a Beljiyam a 1999 su suka haifi babbar dokar abinci ta Turai mai lamba 178 ta 2002, da hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Turai, EFSA, da ke birnin Parma na Italiya. Dokar ta raba aiki biyu: masana su auna haɗari, masu mulki su yanke abin yi. Ta kuma wajabta wa duk mai harkar abinci ya san wanda ya sayar masa da wanda ya sayar wa, don in an samu matsala a bi sawu a janyo kaya. A Sin ma, madarar jarirai da aka cakuɗa da sinadarin melamin a 2008 ta jawo wa yara kusan 300,000 rashin lafiya, a shekarar da ta biyo baya aka yi sabuwar dokar kiyaye abinci.

Shi kuwa Codex, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na abinci da na lafiya ne suka kafa shi a 1963. Da fari shawara ce kawai. Daga 1995, da aka kafa Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, ya zama sikelin da ake auna ƙasashe da shi: duk wadda ta tsaurara fiye da shi sai ta kawo hujjar kimiyya. A kan haka Turai ta sha kaye a 1998 a shari'arta da Amurka da Kanada kan naman shanun da aka yi wa allurar ƙiba. Ki nemi wannan shari'ar ki karanta, kusan rabin fagen yana cikinta.

Akwai kuma ɓangaren manufofi, irin harajin lemon kwalba mai sukari da Meziko ta sa a 2014, da baƙin tambarin gargaɗi da Chile ta wajabta a jikin kaya a 2016. Masu bincike suna bin irin waɗannan su ga ko sun canza abin da mutane ke saye.

Maganar makaranta. A Amurka, shirin da ya daɗe a dokar noma da abinci na Jami'ar Arkansas ne, sai dai na masu digirin shari'a ne, haka cibiyoyin jami'o'in Harvard da UCLA a makarantun shari'a suke. Ke da kike da kimiyya, ki dubi Jami'ar Wageningen a nan Holand, mastas na shekara biyu da Turanci a kan kiyaye lafiyar abinci, da reshe na doka a ciki. A Landan ma akwai mastas na manufofin abinci a jami'ar City St George's. Ki sani wannan takardar ba za ta mai da ke lauyar kotu ba. Ayyukanta suna kamfanonin abinci, hukumomin sa ido, ƙungiyoyin duniya, da jami'a in kin zarce zuwa digiri na uku.

Wahalar da za ki fi sha ita ce karatun harshen doka. Lokacin da nake wannan karatun, lauyoyin ajinmu sun sha fama da lissafin guba, mu kuma mun sha fama da jimla ɗaya mai layi goma, wadda kalma guda ke juya ma'anarta. Sai da na yi wata uku kafin idona ya saba. Amma da ya saba, sai na ga mai iya karanta takardar ɗakin gwaji da sashen doka lokaci guda ba shi da yawa, kuma ana nemansa.

Abin da nake roƙonki, kada ki rubuta wa makaranta cewa kina son "dokar abinci" a dunƙule. Ki zo da tambaya ɗaya wadda ke hana ki barci: guba ɗaya, ko tambari ɗaya, ko ƙa'ida ɗaya da kike ganin tana cutar ƙananan manoma ko masu saye. Dokar nan ta 178 tana intanet kyauta, haka rumbun RASFF inda Turai ke wallafa kayan da aka tsare a iyaka da dalilin tsare su. Ki ɗauki mako biyu kina leƙa su, ki fara da sashe na 7, na 14 da na 18 na dokar, sannan ki aiko mini da tambayar taki mu gyara ta tare kafin ki fara cike fom. Ki gaida su Mama. Allah ya yi jagora.