Ga malamin da aka ɗora wa ƙungiyoyin ɗalibai

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce an damƙa maka kula da ƙungiyoyin ɗalibai a sakandaren jeka-ka-dawo, suna nan birjik a takarda, amma ranar taro ba ka ganin kowa. Na sha wannan wahalar shekaru, bari in faɗa maka abin da na gani.

Fara duba lokacin da kuka sa. In bayan an tashi ne, kada ka ga laifin yara. Yaron da ya fito tun bakwai na safe da ɗan kokonsa a ciki, ƙarfe biyu yunwa ta ci shi, ga Islamiyya na jiransa bayan la'asar, wani kuma shagon babansa zai wuce. 'Yan mata kuwa iyaye ba za su lamunci su yi yamma a hanya ba. Mu sai da muka roƙi shugaban makaranta ya ba mu darasi biyu na ƙarshe ranar Laraba, aka rubuta a jadawali kamar Lissafi, sannan abin ya zauna. Sa taro bayan an tashi, tsarin makarantar kwana ne ake kwafowa, alhali can yara suna hannunka har dare.

Sai ka rage yawansu. Duk ƙungiyar da ba ta da malamin dindindin mai sonta da gaske, ajiye ta. Mun taɓa miƙa JETS, ta masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, ga wani ɗan bautar ƙasa mai ƙwazo. Yara har ƙaramar fanka suka haɗa da batir da motar tsohuwar rediyo. Shekararsa na cika ya tafi, ƙungiya ta bi shi, ko littafin sunaye ba mu samu ba. Saboda haka ɗan bautar ƙasa mataimaki kawai ya kamata ya zama.

Wadda ta fi ba ni ciwon kai ita ce ta matasa manoma. Damina ta sauka a Yuni, muka shuka gyaɗa da masara, gwanin sha'awa. Ƙarshen Yuli aka yi dogon hutu. Da muka dawo a Satumba ciyawa ta kai ƙugu, abin da ya tsira kuma awakin unguwa sun yi biki da shi. Na ji kunyar yaran nan ƙwarai. Daga baya muka koma lambun rani kusa da famfon burtsatse: alayyafo, latas, albasa. Alayyafo wata guda ya isa yanka, malamai su saya, kuɗin ya koma iri. Yaro in ya riƙe cinikin guminsa a hannu, ba sai ka bi shi da bulala ba.

Shugabanci kuma a karɓe shi daga 'yan aji shida tun zango na biyu, a ba 'yan aji biyar. Jarrabawar WAEC na kamawa wajen Mayu, NECO na biye, daga nan ba ka ƙara ganinsu. MSSN ta ɗalibai Musulmi da FCS ta ɗalibai Kirista sun fi sauran daɗewa ne don sun iya wannan miƙa ragamar, ka leƙa ka ga yadda suke yi.

Batun kuɗi, kada ko sisi ya kwana a aljihunka. Abin da ƙungiyar iyaye da malamai ta bayar, a rubuta, ɗalibi ma'aji ya sa hannu, kai ma ka sa. Gasar wasanni tsakanin gidaje ce ke lashe kusan komai, saboda haka ka kai buƙatar 'yan muhawara da kacici-kacici tun makon farko na zango, kafin a fara maganar rumfa da kofuna.