Amsa ga mai tambaya kan kalmar clique: ba kowace majalisa ba ce

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka ci karo da kalmar clique a jarida, kana son sanin ko ita ce majalisa irin tamu, sannan ko ya dace ku sa wa zaurenku na WhatsApp wannan suna ku da abokan zamanka. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare a nan Katsina, kuma shawarata ita ce kada ku sa. Ga dalili.

Asalinta kalmar Faransanci ce, ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 18. Shi ya sa ake furta "que" ɗin ƙarshe kamar "k" kawai. Mutanen Ingila suna jan wasalin, su ce "kiliik", da yawa daga mutanen Amurka kuma su ce "kilik". Ma'anarta ƴan tsirarun mutane masu shiri da juna, waɗanda ba sa barin wani ya shigo cikinsu. Wannan na ƙarshen shi ne jigo. Abota kaɗai ba ta mai da mutane clique, sai an haɗa da rufe ƙofa.

Ka duba majalisar yamma a Rafindadi ko Ƙofar Ƙaura. An shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ana musun ƙwallo ko farashin taki. Baƙo ya tsaya ya yi sallama, kafin ya gama cire takalmi wani ya matsa masa, an miƙo masa kofin shayi, har a tambaye shi ra'ayinsa kan abin da ake gardama. Gobe ya dawo, jibi ya zama ɗan gida. Wannan Bature zai kira ta circle of friends, ba zai ce mata clique ba.

Ga kuma wadda ta amsa sunan. A wata makaranta da na taɓa aiki akwai wasu malamai da suka mallake kusurwa ɗaya a ofishin malamai. Kana shigowa sai hira ta tsaya, a amsa maka sallama a taƙaice, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Adashensu nasu ne su kaɗai. In takardar bita ta zo, ko aikin sa ido a jarrabawa mai ɗan alawus, sai bayan an tura sunaye sauranmu za mu ji. Babu wanda ya taɓa zaginmu, babu dokar da aka rubuta cewa kada a shiga, amma duk sabon malamin da aka turo cikin mako guda yake gane iyakarsa. Na ga wani matashi mai ƙwazo a lissafi da ya koma cin abincinsa shi kaɗai a bakin aji, daga baya ya nemi canjin wurin aiki. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo, domin yara ne suka yi asara.

A Hausa mafi kusa da ita shi ne abin da muke kira harkar mu-ya-mu. In kuma akwai wani babba da suke kewaye da shi, sai mu ce ƴan gaban goshi ko shafaffu da mai. Ka lura dukkansu na waje ne yake faɗa, cikin ƙorafi. Haka clique take. Da wuya ka ji dattijo ya ce "ga clique ɗina", sai dai a ce wa wasu. Gaskiya ne matasan Amurka, musamman a waƙoƙin zamani, sun juya ta suna kiran abokansu da ita cikin alfahari, kuma daga can yaranmu suka ɗauko. Amma a rubutun jarrabawa ko takardar ofis, ma'anar zargin ce mai karatu zai ɗauka. In ka ce wuri cliquey ne ko cliquish, kana nufin baƙo ba zai sake a can ba.

Tunda a jarida ka gan ta, ka san tana da nauyi a siyasar ƙasar nan. A jawabin yunƙurin juyin mulkin 22 ga Afrilu 1990, Manjo Gideon Orkar ya yi amfani da ita wajen zargin wasu ƴan tsiraru da danne ƙasa, a jawabin da ya ce ya cire Sakkwato, Borno, Katsina, Kano da Bauchi daga Najeriya. Ka ga inda kalma ɗaya take iya kaiwa. Tana da ƴar'uwa da ta fi ta zafi, wato cabal, wadda jaridu suka yi ta maimaitawa lokacin da marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa yake jinya a Saudiyya daga Nuwamban 2009, suka sake ɗauko ta a zamanin Buhari. Bambancin shi ne cabal dole akwai ƙulla abu a ɓoye don riƙe mulki, ita kuwa clique ko ƴan aji uku na sakandare suna iya zama. Kada kuma ka haɗa ta da gang, wannan ta ƴan daba ce da ƙauraye. Shi kuma club yana da rajista da ƙa'idar shiga da kowa ya sani.

Batun zauren naku, in dai burinku zumunci ne, ku sa masa sunan unguwarku ko shekarar da kuka gama makaranta. In lallai sai da Turanci, circle ko forum sun wadatar. Sannan ka turo mini jimlar da ka gani a jaridar, in duba maka wa ake nufi da ita a wurin.