Ban da "a sha ruwa", me hukuma za ta yi wa zafi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na ji ana cewa gwamnatoci su yi shirin tunkarar tsananin zafi, abin ya ɗaure mini kai. Zafi ai ba annoba ba ne da za a yi wa allurar rigakafi. Ban da a ce wa mutane su sha ruwa, me ya rage?

Amsa: Barka kadai. Da sauran aiki, kuma babba ne, domin wanda zafi ya fi kashewa ba shi ne mai jin sanarwa ya miƙe ya ɗebo ruwa ba. Tsoho ne mai ciwon zuciya ko na ƙoda, kwance shi kaɗai a ɗaki, ga shi tsufa ya rage masa jin ƙishirwa. Sai jariri, mai ciki, da lebura. Sau da yawa kuma ciwon zuciya ake rubutawa a takardar asibiti, ba zafi ba, shi ya sa ake raina ɓarnarsa.

A watan Agustan 2003 zafi ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, galibi tsofaffi. Daga 2004 aka sa ƙananan hukumomi su buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassu, da an yi gargaɗi a bi su da waya ɗaya bayan ɗaya. Gidajen kula da tsofaffi kuma dole su tanadi ɗaki mai sanyi. A ganina wannan rajistar ta fi duk wata sanarwar rediyo amfani.

Birnin Ahmedabad na Indiya ya rasa fiye da mutum 1,300 a zafin watan Mayun 2010, ya fito da nasa shirin a 2013. Masu hasashen yanayi kan hango zafin tun da sauran kwanaki, sai a fitar da gargaɗi da launi, rawaya ko ruwan lemo ko ja, kowane launi da aikin da ya ɗora wa kowace ma'aikata. Asibitoci su tanadi ƙanƙara da ruwan ƙari, a kai ruwan sha wuraren cunkoso, a shafa wa rufin gidaje farin fenti. Wani asibitin birnin ma ya sauko da ɗakin masu jego da jarirai daga saman bene zuwa ƙasa, don rufin ne ke gasa su.

Abin da aka fi mantawa shi ne dare. In gari bai huce da daddare ba, jiki ba ya samun hutu, bayan kwana biyu ko uku sai ka ga asibiti ya cika. Don haka ma'aunin gargaɗi ya kamata ya haɗa da zafin dare.

Sai horar da ma'aikatan lafiya da masu motar asibiti. Wanda jikinsa ya kai digiri 40 yana sambatu, a fara sanyaya shi nan take da ruwan sanyi da fifita, a ci gaba har a kan hanyar asibiti.